Yadda matsalar radar ta zama ma'aunin hadari

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masu aiki da na'urar radar sun sha ganin abin da ya ɗaure musu kai. Wata rana na'urar ta hango gaɓar teku mai nisan da ya zarce iyakarta nesa ba kusa ba, washegari kuma gaɓar ta ɓace. Na'urar lafiyarta ƙalau, iska ce ke sauyawa: igiyar rediyo tana rage gudu, tana kuma lanƙwasa, gwargwadon zafin iska da matsinta da danshin da ke cikinta. A 1953 Smith da Weintraub suka wallafa lissafin da ya haɗa waɗannan ukun, amma shekaru da dama injiniyoyi na ɗaukar lamarin a matsayin kuskuren da ake cirewa a jefar.

Masana yanayi ne suka juya tambayar. Idan danshi na jinkirta igiya, ashe jinkirin ma'aunin danshi ne. A 1992 Michael Bevis da abokan aikinsa suka nuna haka da saƙon GPS. A 1997 kuma Frédéric Fabry na Jami'ar McGill a Kanada ya koma kan abin da kowa ke sharewa daga allon radar, wato amsa-kuwwar gine-gine da turakun lantarki. Turke ba ya motsi. In lokacin dawowar amsarsa ya canza, iskar da ke tsakani ce ta canza.

Amfanin wannan ga hasashe ba kaɗan ba ne. Radar ta yau da kullum sai ɗigon ruwa ya haɗu a gajimare take ganin hadari, lokacin kuwa an kusa makara. Amma hadarin ba-zata yakan tashi ne a inda iska mai danshi ta yi karo da busasshiya, kuma wannan iyaka tana nan tun sama na garau. Gwajin IHOP na 2002 a filayen Oklahoma ya nuna ana iya zana taswirarta.

Sai dai dabarar Fabry ba ta wuce kilomita kamar 50 daga na'urar, kuma iskar da ke dab da ƙasa kawai take aunawa. Hanyar GPS ce ta fi bazuwa, har shirin AMMA ya kafa tashoshinta a Yamai da Gao da Tamale domin bin diddigin danshin damina.