Tarihin Kyamarar Wayar Salula Da Rigimar Megafiksel

Gabatarwa

Da wuya a samu ɗalibi a cikinmu da bai taɓa samun saƙo daga gida ba cewa, "Idan za ka dawo hutu ka taho mini da waya mai kyamara mai kyau." Mai saƙon kan ƙara da sharaɗi, wato a duba wadda ta fi yawan megafiksel. Da wannan ma'auni ne akasarinmu ke shiga kanti mu ƙirga kuɗin da muka tsimi daga alawus ko daga aikin ƙarshen mako. Shin ma'aunin daidai ne? Tarihin kyamarar waya, wanda bai cika shekara talatin ba, ya amsa wannan tambaya fiye da sau ɗaya. Ya nuna cewa kowane zamani da abin da ke sa hoto ya yi kyau a cikinsa, kuma adadin da ake rubutawa a bayan kwali ya daɗe da daina faɗin gaskiya.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa hoton dijital tarin ƙananan ɗige-ɗige ne masu launi. Kowane ɗigo shi ake kira fiksel, idan suka kai miliyan ɗaya kuma sai a ce megafiksel ɗaya. Abin da ke samar da su wani ɗan faranti ne da ke bayan gilashin kyamara, mai suna sensa, wanda ke karɓar haske ya mayar da shi lantarki.

Kafin kyamara ta shiga waya

A shekarar 1969 Willard Boyle da George Smith na cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka suka ƙirƙiro sensa irin ta farko, mai suna CCD, aikin da ya kai su ga samun kyautar Nobel a 2009. A 1975 wani matashin injiniya na kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko. Nauyinta ya kai kimanin kilo 3.6, hotonta fari da baƙi ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kan kaset. Sai dai irin wannan sensa tana shan batir sosai. A farkon shekarun 1990 ne Eric Fossum da abokan aikinsa a hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, suka inganta wata iri mai suna CMOS, wadda ba ta cin wuta da yawa kuma ta fi arha. Ita ce ta buɗe wa kyamara ƙofar shiga aljihu.

Zangon farko, 1999 zuwa 2004

Ƙasar Japan ce ta fara. A 1999 kamfanin Kyocera ya fitar da VP-210, mai kyamarar ɗigo 110,000, wadda ke iya ajiye hoto 20. A watan Nuwamba na 2000 kamfanin Sharp ya biyo baya da J-SH04, wadda ita ma ɗigo 110,000 take da su, amma ana iya aika hotonta zuwa wata wayar kai-tsaye. Har wani ɗan madubi aka maƙala a gefen gilashinta domin mai son ɗaukar kansa. A 2002, wato shekara guda bayan fara aikin layukan GSM a Najeriya, Nokia ta fitar da 7650 mai megafiksel 0.3.

Hotunan wannan zango dishi-dishi ne. Idan aka faɗaɗa su a kan kwamfuta sai fuska ta koma kamar an jera bulo. Duk da haka, ranar 7 ga Yulin 2005, lokacin da aka tayar da bama-bamai a jiragen ƙasa da wata motar bas a Landan, hotunan da fasinjoji suka ɗauka da irin waɗannan wayoyi a cikin ramin jirgi su ne BBC da manyan jaridu suka nuna wa duniya, domin babu wani ɗan jarida da ya isa wurin. A wannan zango kam megafiksel ma'auni ne na gaskiya. Wanda ya tashi daga 0.3 zuwa 1.3 yana ganin bambancin da idonsa, domin ɗigon ne suka yi ƙaranci.

Zangon tsere, 2005 zuwa 2012

Ganin cewa jama'a sun gane wannan adadi, sai kamfanoni suka shiga tsere a kansa. A 2005 Sony Ericsson K750i ta zo da megafiksel 2 da gilashi mai saita kansa, Nokia N90 kuma ta zo da gilashin kamfanin Carl Zeiss na Jamus. A 2006 K800i ta kai 3.2, a 2007 Nokia N95 ta kai 5, a 2010 kuma N8 ta kai 12.

A tsakiyar wannan tsere ne, a 2007, iPhone ta farko ta fito da megafiksel 2, babu filas, babu saita gilashi, ba ta ma ɗaukar bidiyo. Idan aka ajiye hotonta kusa da na N95, babu ko tantama na Nokia ya fi. Amma allonta babba ne, kuma kallon hoto da aika shi sun fi sauƙi. Jama'a suka nuna cewa kyamarar da ke hannu, wadda ba ta ba da wahala, ta fi wadda aka bari a gida. Masu ƙera kyamara zalla su ne suka fara ji a jikinsu. Alƙaluman ƙungiyarsu ta Japan, CIPA, sun nuna an fitar da kyamarori kimanin miliyan 121 a 2010, amma a 2020 ba su kai miliyan 9 ba. Kodak kuwa, wanda a ɗakin bincikensa aka haifi kyamarar dijital, ya bayyana karayar arziki a watan Janairun 2012.

A wannan shekara ta 2012 Nokia ta fitar da 808 PureView mai megafiksel 41, adadin da ya girgiza kowa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wayar ba ta ba da hoto mai ɗigo miliyan 41, iyakarta miliyan 38, shi ma sai an nemi hakan. Abin da take yi shi ne ta haɗa ɗigo kusan bakwai su zama ɗaya, ta fitar da hoto mai megafiksel 5 mai tsabta. Sirrinta na gaskiya shi ne faɗin sensarta, wadda ta ninka ta iPhone 4S fiye da sau biyar. Wato wayar da ta lashe tseren megafiksel ita ce ta fara nuna cewa ba a nan gizo ke saƙa ba.

Zangon haske, 2013 zuwa 2016

Domin fahimtar dalili, mai karatu ya ɗauki sensa a matsayin tsakar gida, haske kuma ruwan sama. Idan aka cika tsakar gidan da bokitai 12, kowanne zai tara ruwa mai yawa. Idan aka kwashe su aka jera kofunan shayi 48, ruwan da ya sauka a gidan bai ƙaru ba, an dai raba shi ne ƙanana-ƙanana. Da rana tsaka, lokacin da haske ke zuba kamar da bakin ƙwarya, kofunan kan cika, hoto ya yi kyau. Da daddare kuwa, ko a cikin ɗaki, abin da ke shiga kowane kofi bai taka kara ya karya ba, sai hoton ya cika da burtsatsi kamar talabijin da ta rasa tasha. Hanyar ƙara ruwa ita ce a faɗaɗa tsakar gidan, ko a buɗe rufin sosai, ko a ƙara lokacin tarawa.

Kamfanoni sun bi duk hanyoyin uku. Nokia Lumia 920 ta zo da gilashi mai daidaita kansa idan hannu ya yi rawa, abin da ya ba ta damar daɗewa tana tara haske. A 2013 kamfanin HTC ya yi ƙundumbala ya fitar da HTC One mai megafiksel 4 kacal, amma manya. Ta yi kyau a duhu, sai dai da rana hotonta ya gaza na abokan hamayya wajen fitar da ƙananan abubuwa, wanda ya nuna cewa raguwar ma tana da iyaka. Misali mafi bayyana shi ne na Samsung. Galaxy S6 ta 2015 tana da megafiksel 16, amma Galaxy S7 ta 2016 ta sauko zuwa 12, aka ƙara girman kowane ɗigo daga maikiron 1.12 zuwa 1.4, kuma ta fi yayarta iya ɗaukar hoton dare. Apple kuwa ya tsaya a kan 8 daga 2011 zuwa 2014, sannan ya zauna a kan 12 tun daga iPhone 6s ta 2015 har zuwa iPhone 13 ta 2021. Duk wanda ya ga hoton waɗannan wayoyi biyu ya san tazarar da ke tsakaninsu kamar sama da ƙasa ce, alhali adadinsu ɗaya.

Zangon lissafi, 2016 zuwa yau

Waya siririya ce, don haka akwai iyakar girman sensa da gilashin da za ta ɗauka. Mafita ta farko ita ce yawaita kyamarori. Huawei P9 da iPhone 7 Plus sun zo da biyu a 2016, P20 Pro ta zo da uku a 2018, P30 Pro kuma a 2019 ta kwantar da gilasanta a cikin jikin wayar domin ta jawo abu mai nisa har sau biyar. Mafita ta biyu, wadda ta fi tasiri, ita ce lissafi. A kamfanin Google, ayarin Marc Levoy, farfesa daga Jami'ar Stanford, ya koya wa waya ta riƙa ɗaukar hotuna da yawa a jere tun kafin a danna, sannan manhaja ta daidaita su ta narkar da su zuwa hoto guda. A ƙarshen 2018 suka fitar da tsarin hoton dare mai suna Night Sight, wanda ke haɗa hotuna har 15. Abin lura shi ne tsarin ya isa har ga masu tsohuwar Pixel ta 2016 ta intanet, sai ga kyamararsu ta inganta ba tare da an taɓa ko kusa ɗaya a jikinta ba.

Megafiksel ya sake dawowa da ƙarfi, 108 a Galaxy S20 Ultra ta 2020, da 200 a S23 Ultra ta 2023. Amma dabarar Nokia 808 ce aka sabunta, domin ta farkon tana haɗa ɗigo 9, ta biyun 16, dukkansu kuma hoto mai kimanin megafiksel 12 suke bayarwa idan ba a canza musu saiti ba. A 2022 wani fitaccen mai sharhin na'urori a YouTube, Marques Brownlee, ya sa jama'a suka kaɗa miliyoyin ƙuri'u a kan hotunan wayoyi 16 ba tare da sanin sunayensu ba. Pixel 6a ce ta zo ta ɗaya, wayar dala 449 mai megafiksel 12, a gaban wayoyin da suka ninka ta kuɗi.

Kyau a idon wa?

Tunda manhaja ce ke yanke hukuncin yadda hoto zai kasance, tambayar da ta shafe mu kai-tsaye ita ce, da fuskar wa aka koya mata? Matsalar ta girmi waya. Tun daga shekarun 1950 masu wankin hoto ke saita launi da katin Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya. Binciken Lorna Roth ta Jami'ar Concordia da ke Kanada, wanda ya fito a 2009, ya nuna cewa koke-koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fita sosai a talla, suna cikin abin da ya sa aka gyara yadda fim ke ɗaukar launuka masu duhu. Wayoyi sun gaji wannan son kai. Shi ya sa a hoton taro da Turawa fuskar ɗan Afirka kan nutse, ko kuma ta yi toka-toka. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya saita kyamarorinsa domin baƙar fata, kuma a 2017 ya sha gaban Samsung wajen yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Sai a 2021 Google ya fito da nasa tsarin, Real Tone, tare da Pixel 6.

Akwai kuma batun amana. A watan Maris na 2023 wani mutum ya dusashe hoton wata a kan allon kwamfuta, ya ɗauke shi da wayar Samsung daga nesa, sai ga ramukan wata sun fito tar, alhali babu su a kan allon. Kamfanin ya bayyana cewa manhajarsa kan gane wata ta ƙara fito da kamanninsa. Hotunan Landan na 2005 ba su da kyau, amma babu mai shakkar abin da suka nuna. Ɗalibin tarihi ko shari'a ko aikin jarida da zai kafa hujja da hoton wayar yau dole ya tambayi abin da sensa ta gani da abin da manhaja ta ƙara.

Kammalawa

Allon waya ko kwamfuta irin wanda ake kira Full HD ɗigo miliyan 2 da 'yan kai yake nunawa, babbar talabijin ta 4K kuma kimanin miliyan 8. Hoton da aka tura ta WhatsApp ma matse shi ake yi kafin ya isa. Ke nan megafiksel 12 ya wadatar da kusan duk abin da ɗalibi ko mutanen gida za su yi da hoto, tun daga ɗaukar shafin littafi a laburare har zuwa bikin suna. Wanda zai sayi waya ya nemi sanin girman sensarta, da ko gilashinta na daidaita rawar hannu, da shekarun da kamfanin ya yi alkawarin sabunta manhajarta. Tsohuwar babbar waya ta shekara biyu ko uku da suka wuce sau da yawa takan fi sabuwar mai arha da aka rubuta wa 108 a baya. Gwaji mafi inganci kuwa ba ya cin ko sisi. A cikin kantin, nemi inda haske ya yi ƙaranci, ka ɗauki bayan hannunka ko fuskar abokin tafiyarka da wayoyin biyu, ka faɗaɗa hotunan, ka duba wadda ta fitar da launin fatar yadda yake.