Da A Ce Amir Abdulƙadir Ya Ƙara Wata Biyu A Fagen Fama

 

Cikin mazajen Ƙadiriyya da suka tari Turawan mulkin mallaka da takobi, babu wanda sunansa ya kai na Amir Abdulƙadir ɗan Shehu Muhyiddini, mutumin Aljeriya, Allah Ya ƙara masa yarda. Faransa ta ci babban birnin ƙasar a 1830. A Nuwamban 1832 ƙabilun yamma suka yi masa mubaya'a kusa da garin Mu'askar, yana ɗan shekara 24, 'yan shekaru bayan ya dawo daga aikin Hajji da ziyarar Sidi Abdulƙadir Jilani a Bagadaza. Shekara 15 ya yi yana gwabzawa. A yarjejeniyar Tafna ta 1837 Faransa ta sallama masa mafi yawan cikin ƙasar, ya naɗa halifofi da alƙalai, ya karɓi zakka, ya buga kuɗinsa, ya kafa maƙerun bindiga.

Ranar 23 ga Disamba 1847 ya ajiye makami a hannun Janar Lamorisiye, bisa alkawarin za a kai shi Iskandariyya ko Akka. Ranar 24 ga Fabrairu 1848, wata biyu ke nan, mutanen Faris suka yi juyin juya hali, Sarki Luwi Filib ya sauka ya gudu Ingila, ɗansa da ke gwamnan Aljeriya shi ma ya bar ƙasar.

Nan ne mai karatun tarihi kan ji ransa ya sosu: da Amir ya daure wata biyun nan fa? Da ya iske daular abokan gabarsa babu sarki, Faris tana cin kanta da kanta. Wataƙila da ƙabilun da suka janye sun komo, wataƙila da an koma teburin sulhu irin na Tafna.

Zato ne mai daɗi, amma ba shi da ƙafar tsayawa. Gadon sarauta ne ya faɗi, rundunar Faransa ta kusan mutum dubu 100 tana nan daram a Aljeriya. Jamhuriyar da ta hau da kirarin 'yanci ita ce ta ayyana ƙasar a matsayin yankin Faransa, ta raba ta jiha uku, ta kwaso talakawan Faris ta ba su gonakin Musulmi. Hasali ma hafsoshin da suka yaƙi Amir su ne suka hau: Janar Kabanyak ya zama shugaban gwamnati a Yunin 1848, Lamorisiye ya zama ministan yaƙi.

Idan akwai mararrabar da ta juya al'amarin, to ta 1844 ce. A watan Agusta Faransa ta karya rundunar Maroko a Isli, ta yi wa Tanja ruwan igwa, sai Sarki Abdurrahman, wanda a da yake agaza wa Amir, ya sa hannu a kan kame shi ko korarsa. Daga nan ya rasa bangon jingina. A Disamban 1847 sojojin Maroko ne a bayansa, Faransawa a gabansa, ga mata da yara da raunana a sansaninsa. Malami masanin fiƙihu irinsa ya san ba a jefa su cikin halaka don yaƙin da ba a fatan nasararsa, kuma sai da ya yi shawara da sauran mutanensa kafin ya aika wa Lamorisiye.

Abin da juyin juya halin ya haifar masa shi ne saɓa alkawari: sabbin masu mulki ba su ɗauki maganar da aka ƙulla zamanin sarki a bakin komai ba. Aka ci gaba da tsare shi a Faransa, har wasu iyalansa da mabiyansa suka rasu a gidan Ambuwaz, sai a 1852 Luwi Napoliyon ya sake shi. A 1855 ya sauka Dimashƙa, yana karantar da littattafan Shehu Ibnu Arabi. Can ne a 1860 ya tsare dubban Kiristoci daga masu kisa. Ya rasu a 1883, aka rufe shi kusa da Shehun, a 1966 kuma aka mayar da gawarsa Aljeriya.