Lambar siga

lambar siga (suna, mace, jam'i: lambobin siga). A fannin rubuta manhaja: lamba, galibi mai gaɓa uku, kamar 2.4.1, da ake ba ƙunshin manhaja duk sa'ad da aka sake fitar da shi, don masu dogaro da shi su san girman canjin. A tsarin SemVer, wanda Tom Preston-Werner ya shimfiɗa, gaɓar ƙarshe kan ƙaru idan kuskure aka gyara, ta tsakiya idan ƙari aka yi ba a taɓa tsohon aiki ba. Ta farko ce mai tayar da hankali: in 2 ta koma 3, an sauya yadda ake amfani da ƙunshin, manhajar da ke aiki jiya tana iya tsayawa cik yau. Shi ya sa a npm, manhajar sauke ƙunshi, wanda ya rubuta ^2.4.1 yana cewa ne a ba shi sabo, amma kada a kai 3.0.0. Sai dai lambar alkawari ce kawai, kuma masu ƙunshi kan saɓa shi. Misali: Kada ka sabunta sai ka duba lambar siga. Mai hattara kan kulle sigogin da ya gwada a cikin fayil ɗin package-lock.json na npm.