Kinderen geen bezwaar: Wasan barkwancin Holan a kan gidan da aka haɗa 'ya'ya

Kinderen geen bezwaar wasan kwaikwayo ne na barkwanci da aka shirya da harshen Holanci, wanda kafar watsa shirye-shirye ta VARA ta nuna a talabijin ɗin ƙasar Holan daga shekarar 2004 zuwa 2013. Marubucinsa shi ne Haye van der Heyden. Jigon wasan shi ne zaman gidan da miji da mata kowannensu ya shigo da ɗan da ya haifa kafin haɗuwarsu.

Ma'anar sunan

Sunan wasan yana nufin "'ya'ya ba za su zama cikas ba". Kalami ne da masu neman abokin zama kan rubuta a ƙananan tallace-tallacen jaridun Holan, domin su nuna cewa ba su ƙi bazawara ko bazawari mai 'ya'ya ba. Alkawarin yana da sauƙin rubutawa, amma cika shi sai an zauna gida ɗaya. Daga wannan tazara ce wasan yake samo abin dariyarsa.

Labari da 'yan wasa

Alfred van den Heuvel ne ya fito a matsayin Gerard van Doorn, mai gidan da ke zaune a gida yana kula da girki da sauran hidimomi. Anne-Mieke Ruyten ta fito a matsayin Maud Zegers, ƙwararriya a fannin kula da masu damuwar zuciya, wadda aikinta ke ɗaukar nauyin iyali. Maud tana da 'ya mai suna Julia, Gerard kuma yana da ɗa mai suna Daan. Céline Purcell da Joey van der Velden su ne suka hau waɗannan matakai biyu.

Tsarin gidan ya juya al'ada ta fuska biyu. Na farko, mace ce ke fita nema, namiji na riƙe da gida. Na biyu, kowane yaro ɗa ne ga ɗaya, agola ne ga ɗayan. Saboda haka tambayar da ke ƙarƙashin zaman ita ce: wa ke da ikon tsawatar wa wane? Mijin uwa idan ya yi faɗa, a ce ba shi ya haifa ba. Idan ya yi shiru, a ce bai damu ba. Akwai kuma zolaya a sana'ar Maud, domin mai warware matsalolin wasu ba lallai ne ta iya warware na cikin gidanta ba.

Matsayinsa a talabijin ɗin Holan

An kafa VARA a 1925 a matsayin ƙungiyar rediyo ta ma'aikata. A tsarin Holan, ƙungiyoyi masu mambobi irinta ne ke raba lokacin tashoshin gwamnati, kuma cibiyar harkar tana garin Hilversum. VARA ta daɗe da yin suna a wasannin barkwanci na iyali, kamar Zeg 'ns Aaa (1981 zuwa 1993) da Oppassen!!! (1991 zuwa 2003). Kinderen geen bezwaar ya ɗora a kan wannan turba. Daga baya VARA ta haɗe da BNN, inda suka zama BNNVARA.

Muhimmancinsa

Holanci na kiran irin wannan gida samengesteld gezin, wato iyalin da aka harhaɗa. Yawaitar rabuwar aure da sake aure sun sa ya zama sanannen abu a Holan. Wasan bai nuna agolanci a matsayin abin tausayi ko abin kunya ba. Ya ɗauke shi zama ne irin na kowa, mai saɓani da sulhu, inda ake gina zumunci da haƙuri ba da jini kaɗai ba.