Roba daga tsiro ta fara, Sakkwato kuma na da kayan aikin

A shekarar 1862, a babban baje kolin birnin Landan, Alexander Parkes ya nuna ɗaya daga cikin robobin farko da ɗan Adam ya haɗa, kuma daga zaren tsirrai ya samo ta. Haka ma takardar naɗi mai sheƙi da Jacques Brandenberger ya yi wa rajista a 1912: daga itace ake yin ta, tana kuma ruɓewa a ƙasa. Robar leda kuwa sai a 1933 kamfanin ICI na Ingila ya gano ta, arhar man fetur ce ta miƙa mata kasuwa daga baya. Ashe mai neman roba daga tsiro a yau tsohuwar hanya yake farfaɗowa.

Kafin leda ta mamaye Sakkwato, ƙwarya da kwando da faifan kaba ke ɗaukar kayan cefane, goro kuma cikin ganye yake isowa daga Kurmi. Abin da ya tsufa sai ya koma taki. Yanzu leda ke toshe magudanai da damina, mahauta kuma na ciro ta dunƙule-dunƙule daga tumbin shanu da awaki, asarar da makiyayi ke ɗauka shi kaɗai. Ruwanda ta haramta ta a 2008, Nijar a 2014, sai dai hani ba madadi wahalar da mai tumatir kawai yake yi.

Masu suka na cewa yin roba daga sitacin rogo ko masara cin abincin talaka ne. Suna da gaskiya, shi ya sa ya kamata masanan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su karkata ga ragowar gona, kamar ƙaiƙayin shinkafar fadamun Rima, a bar hatsi ga tukunya. Suka ta biyu ta fi nauyi: robar masara da ake kira PLA ba ta ruɓewa da sauri sai a masana'antar taki mai zafin kusan digiri 58 da danshi, iskar Sakkwato kuwa busasshiya ce mafi yawan shekara. Saboda haka duk ledar da aka ce tana ruɓewa, a gwada ta a bolar garin nan da rani kafin a ba ta izinin shiga kasuwa.