Daga Gwandu zuwa Makka: Tafiyar Shekaru da Ta Koma Sa'o'i

Wajen shekarar 1807, yaƙin jihadi na kan ganiyarsa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jama'a ya nufi gabas da niyyar sauke farali. Kano ita ce iyakarsa. Mutanen garin suka roƙe shi ya zauna ya karantar da su, a nan ya rubuta littafinsa Diya'ul Hukkam, sannan ya juya. Daga baya ya zauna a Gwandu, inda kabarinsa yake, bai taɓa ganin Ka'aba ba. Haka ma yayansa, Shehu Usmanu.

Nisan hanya ne ya sa haka. Mai niyyar hajji a wancan zamani yakan bi ta Kano da Borno, ya ratsa Wadai da Darfur da Kordofan, ya ƙetare kogin Nilu, ya isa gaɓar Bahar Maliya a Sawakin, sannan ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Guzuri kan ƙare, sai mutum ya tsaya ya yi noma ko ƙwadago kafin ya ƙara gaba. Tafiyar kan ci shekaru, wasu kuma ba su dawo ba. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, mabiyansa da suka tsira sun ci gaba har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Jikokinsu na can har yau.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano a watan Nuwamba na 1925. Daga shekarun 1950 alhazai suka fara tafiya ta sama da yawa, amma sai mutumin Gwandu ya yi doguwar tafiyar mota kafin ya ga jirgin. Yanzu maniyyaci daga Kalgo ko Gwandu ba ya wuce Ambursa, inda filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yake. Daga nan ne jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi a watan Mayun 2024.

Tsakanin wannan fili da Jidda akwai kimanin kilomita 3,800 idan an miƙe, zuwa Madina kuwa kusan 3,900. Jirgin da ke gudun kilomita 850 a sa'a zai cinye wannan nisa cikin sa'o'i huɗu da rabi ko biyar. Da yake agogon Saudiyya na gaban namu da sa'o'i biyu, wanda ya tashi da hantsi yakan sauka da la'asar.

Amma wannan lissafi na lokacin zaman lafiya ne. Miƙaƙƙiyar hanyar ta saman Chadi da Sudan take bi, wato ƙasashen da kakanni suka ratsa a ƙafa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka yi zagaye. Lokacin tafiya ya ƙaru, man da ake ƙonawa ya ƙaru, kamfanonin jirage suka nemi ƙarin kuɗi.

Ashe ko a ƙafa ko a sama, hanyar Makka daga Kebbi ta Sudan take. Idan can babu lafiya, alhajin Kalgo ma sai ya ji a jikinsa da aljihunsa.