Kuɗin kula da motar a-kori-kura mai dizal da mai fetur

A-kori-kura mota ce mai gidan direba a gaba da buɗaɗɗen baya na ɗaukar kaya. Kamfanoni da yawa suna sayar da samfuri ɗaya da inji iri biyu, mai shan dizal da mai shan fetur. Kuɗin mallakar irin wannan mota ya haɗa da farashin saye, kuɗin mai, juyen baƙin mai, gyare-gyare, da faɗuwar darajarta lokacin sake sayarwa. Mai dizal ta fi tsada wajen saye da gyara, amma ba ta shan mai kamar mai fetur, kuma ta fi riƙe daraja. Abin da ke nuna wadda ta fi araha a ƙarshe shi ne nisan tafiyar da motar ke yi a shekara da nauyin kayan da take ja. An fi yin wannan kwatanci a Amurka, inda Ford F-Series da Chevrolet Silverado da Ram suke cikin motocin da aka fi saye.

Suna

A Turancin Amurka kalmar gas na nufin fetur. A Hausar Najeriya kuwa, idan aka ce gas ko man gas a gidan mai, dizal ake nufi. Saboda haka wannan maƙala ta yi amfani da kalmomin dizal da fetur don kauce wa ruɗani.

Bambancin injinan biyu

Nikolaus Otto ya ƙera injinsa mai bugu huɗu a Jamus a 1876, kuma a kan tsarinsa injin fetur yake tafiya. Rudolf Diesel ya samar da injin dizal mai aiki a 1897. A injin fetur, filogi ne ke ba da tartsatsin da ke kunna cakuɗen iska da mai. Injin dizal ba shi da irin wannan filogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi sosai, sai nozul ya fesa mai ya kama da kansa. Matsin injin dizal yakan kai ninki 15 zuwa 22, na fetur kuma ninki 8 zuwa 12.

Wannan matsi shi ne tushen bambancin kuɗi. Dole a yi gangar injin dizal da fistin da sauran sassansa da ƙarfe mai kauri, abin da ke ƙara masa nauyi da tsada, yake kuma sa shi daɗewa. Lita ɗaya ta dizal tana ɗauke da makamashi fiye da litar fetur da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, injin kuma ya fi iya sarrafa makamashin.

Farashin saye

A manyan a-kori-kura na Amurka, injin dizal zaɓi ne da ake biya wa ƙarin kuɗi, wanda a shekarun baya-bayan nan yake kaiwa kusan dala 10,000. Ram tana amfani da injin Cummins tun 1989, General Motors ta fito da Duramax a samfurin 2001, Ford kuma ta fara ƙera Power Stroke mai lita 6.7 da kanta daga samfurin 2011. Abin da mai saye yake samu da wannan kuɗi shi ne ƙarfin jan kaya. Ƙarfin juyi na injin dizal na Ford mai lita 6.7 ya ninka na injin fetur ɗinta mai lita 7.3 fiye da sau biyu.

A ƙananan samfura, inda ba a jan kaya masu nauyi sosai, dizal bai samu kasuwa ba. Ford ta daina saka shi a F-150 a 2021, Ram ta dakatar da EcoDiesel a samfurin 1500 a farkon 2023. General Motors ce ta ci gaba da sayar da ƙaramin Duramax mai lita 3.0.

Kuɗin mai

Motar dizal takan yi tafiya mai nisa da galan ɗaya fiye da takwararta mai fetur, kuma tazarar tana ƙaruwa idan ana jan tirela. Sai dai a Amurka farashin dizal ya fi na fetur kusan ko da yaushe tun daga 2004. Harajin gwamnatin tarayya a kan galan ɗaya na dizal santi 24.4 ne, na fetur santi 18.4. Haka kuma daga 2006 doka ta tilasta rage sinadarin farar wuta a dizal ɗin motoci zuwa kashi 15 cikin miliyan, wanda ya ƙara kuɗin tacewa. A watan Yunin 2022 matsakaicin farashin dizal ya kai kusan dala 5.80 kowane galan, fetur kuma ya ɗan haura dala 5.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ba ta buƙatar a liƙa alƙaluman shan mai a jikin a-kori-kurar da nauyinta da kaya ya wuce fam 8,500. Don haka masu sayen manyan samfura suna dogara ne da gwajin mujallun motoci da lissafin masu amfani da su.

Kula ta yau da kullum

Manyan injinan dizal suna ɗaukar baƙin mai lita 9 zuwa 12 ko fiye a kowane juye, na fetur kuma lita 6 zuwa 8. Filtar dizal, wadda take raba ruwa da mai, ana canza ta bayan mil 15,000 zuwa 30,000 gwargwadon umarnin kamfani. Galibin manyan motocin dizal batir biyu gare su, saboda tayar da inji mai matsi irin wannan yana cin wuta. Nauyin injin kuma yana saurin cinye tayoyin gaba da sassan ƙafar mota.

Motar fetur tana da nata kashe-kashen kuɗi, wato filogi da kwayil, amma filogin zamani yana iya kaiwa mil 100,000 kafin a canza shi. Kayan gyaranta sun fi sauƙin samu, kuma kusan kowane bakanike yana iya taɓa ta, alhali injin dizal na zamani yana buƙatar ƙwararre mai na'urar bincike.

Na'urorin tace hayaƙi

Dokokin hayaƙi na Amurka sun sauya lissafin dizal. Daga 2007 aka fara saka matatar toka a salansa, wadda ake kira DPF. Matatar tana ƙona tokar da ta tara ne idan salansa ta yi zafi a doguwar tafiya. Motar da ke gajerun zirga-zirga a cikin gari, ko take daɗewa a kunne a tsaye, matatarta takan toshe, kuma wanke ta ko canza ta yana da tsada.

Daga 2010 zuwa gaba aka ƙara tsarin da ke fesa wani ruwa a cikin hayaƙi don rage iskar gas mai guba. Ana kiran ruwan DEF a Amurka, AdBlue a Turai. Kashi 32.5 cikin ɗarinsa yuriya ce, sauran tataccen ruwa. Mota takan sha kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na yawan dizal ɗin da ta ƙona. Idan tankinsa ya ƙare, kwamfutar motar tana rage mata gudu har sai an zuba. Cire waɗannan na'urori daga motar da ke hawa titi laifi ne a dokar Amurka.

Manyan gyare-gyare

Famfon dizal na zamani yana tura mai da matsin da ya kai ba 2,000 ko fiye, don haka ɗan ruwa ko datti yana iya lalata shi. Idan famfon ya narke daga ciki, ɓarɓashin ƙarfe yana bin bututu zuwa nozul da tanki, sai an canza tsarin gaba ɗaya, aikin da ke cin dubban daloli. A 2021 kamfanin da ke ƙera Ram ya janye motoci fiye da 200,000 na samfurin 2019 da 2020 saboda matsalar wannan famfo. Turbo da na'urar mayar da hayaƙi cikin inji su ma suna cikin sassan da gyaransu ke da tsada.

A ɗaya ɓangaren, gangar injin dizal da aka kula da ita tana yin ɗaruruwan dubban mil kafin a sauke ta. Wannan ne ya sa tsohuwar a-kori-kura mai dizal take da daraja a kasuwar motocin hannu, kuma mai ita yakan dawo da wani kaso na ƙarin kuɗin da ya biya tun farko.

Misalin lissafi

A ƙaddara ƙarin kuɗin injin dizal dala 10,000 ne, mai fetur tana yin mil 12 da galan ɗaya a kan dala 3.50, mai dizal kuma mil 16 a kan dala 4. Wanda ke tafiyar mil 15,000 a shekara zai kashe dala 4,375 a fetur, ko dala 3,750 a dizal. Rarar dala 625 ke nan, wato sai bayan shekara 16 zai mayar da kuɗinsa, ba tare da an saka tsadar juye da gyara ba. Wanda ke yin mil 40,000 a shekara rararsa ta kai kusan dala 1,670, zai mayar da kuɗin cikin shekara 6. Shi ya sa manoma da 'yan kwangila da masu jan tirela suka fi karkata ga dizal, masu hawa zuwa wurin aiki kuma ga fetur.

A Najeriya

Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, tana cikin a-kori-kurar da aka fi sani a Najeriya da Nijar. Ana samunta da injin fetur mai lita 2.7, da injin dizal mai lita 2.4 ko 2.8. A Najeriya an cire tallafi daga dizal shekaru da yawa kafin fetur, don haka fetur ya daɗe yana da araha sosai, samfurin fetur kuma ya yaɗu. Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, abin da ya rage tazarar farashin. Ga mai dizal, ingancin man da ake zubawa da samun bakaniken da ya san famfo da nozul na zamani suna cikin abubuwan da ke ƙayyade kuɗin kula da motar.